Yadda Za Ka Iya Kalmomin Gani Na Turanci Ba Tare Da Ka Cakuɗa Su Ba: See, Look, Watch Da Karin Maganganun Ido

Tambayar nan dai ta ƙi ƙarewa. Wannan ya turo ya ce mene ne bambancin see da look da watch, wancan ya ce ya rubuta "I look forward to hear from you" a takardar neman aiki wani ya yi masa dariya kuma bai gaya masa dalili ba, 'yan JAMB da WAEC da NECO su kuma kukansu ɗaya ne, wai karin maganganun da ke da eye a ciki su ne ke cinye musu maki. To ga shi na tattara muku a wuri guda, amma da sharaɗi, ka bi matakan a jere yadda na jera su. Yawancin masu koyo da karin magana suke farawa saboda su ne masu daɗi a baki, alhali ƙananan kalmomin nan guda uku ba su zauna musu ba, shi ya sa za ka ji mutum ya kawo "turn a blind eye" tiryan-tiryan amma a jimlar da ke biye ya ce "look me".

1. Tanadi kayan aiki

Ba wani abu mai yawa ba ne. Littafin rubutu ɗan ƙarami irin na 'yan firamare da biro, sai ƙamus na Turanci zalla, wato wanda yake bayanin Turanci da Turanci kuma yake kawo misalan jimloli. Oxford Advanced Learner's Dictionary ko Longman duk sun yi. Sabon bugu akwai tsada kam, amma na hannu wajen masu sayar da tsofaffin littattafai ya wadatar, kalmomin da muke magana a kansu ba su canja ba. In kuma aljihu babu nauyi, shafin Cambridge Dictionary a intanet kyauta ne, datar da zai ci ba ta kai ta kallon bidiyo ɗaya ba, kuma akwai ɗan hoton lasifika da za ka danna ka ji yadda ake furta kalmar. Mai shirin jarabawa ya ƙara da littafin tsofaffin tambayoyi.

Ka raba kowane shafi gida uku da rula. Gidan farko kalmar, na biyu cikakkiyar jimla da ka kwafo daga ƙamus, na uku abin da Bahaushe zai ce a irin wannan halin. Gidan tsakiya shi ne mai muhimmanci, duk kalmar da ka rubuta ba tare da jimlarta ba to ka sani ba ka koye ta ba tukuna.

Gargaɗi: kar ka cike gida na uku da manhajar fassara ta waya. Tana iya ƙoƙari a jimla ta yau da kullum, amma da ta haɗu da karin magana sau da yawa sai ta bi ta kalma-kalma ta ba ka abin da ba Turanci ba ba Hausa ba.

2. Fara da see, look, watch, kar ka wuce sai sun zauna

A nan mu Hausawa muna da sa'a don muna da gani da duba da kallo, kuma sun yi kusa da na Turancin sosai.

See shi ne gani, idonka ya faɗa kan abu ko ka yi niyya ko ba ka yi ba. "I saw Musa at the market", na ga Musa a kasuwa, ba nemansa ka fita ba.

Look shi ne ka juya idonka da niyya zuwa ga abu. Watch kuma ka zuba wa abu ido na ɗan lokaci saboda yana motsi ko wani abu na faruwa, ƙwallo, talabijin, dambe, yara suna wasa.

Inda ake samun matsala shi ne kalmar kallo tamu ta haɗe look da watch. "Kalle ni" in kana nufin mutum ya juyo ya dube ka, "look at me" ne. In kuwa kana koya wa yaro ɗaura taya kana so ya bi hannunka da ido daga farko har ƙarshe, "watch me" za ka ce. Hoto a bango ba ya motsi, don haka "look at the picture". Talabijin kullum watch ne, babu "see television" babu "look television". Fim kuwa yana karɓar biyu, "I watched a film" da "I saw a film" duk daidai ne, na biyun an fi yin sa in sinima aka je ko kuma ana nufin an taɓa ganin fim ɗin.

Gargaɗi na farko: look ba ta taɓa abin da ake dubawa kai tsaye, sai da at a tsakani. "Look at him", ba "look him" ba. See da watch su kuma ba sa son at ɗin sam, "watch at me" kuskure ne.

Gargaɗi na biyu, wannan ya fi yawa a waya lokacin kiran bidiyo: in kana so ka ce ina ganinka, "I can see you" ake cewa, ba "I am seeing you" ba. See in ta ɗauki ing ma'anarta sauyawa take. "I am seeing the doctor tomorrow" na nufin kana da alƙawarin ganin likita gobe, wannan lafiya lau. Amma "I am seeing someone" na nufin akwai wanda kuke soyayya, to ka ga ba maganar da za ka saki a gaban surukai ba ce da sunan ido kake nufi.

Sai sauyin lokaci, see, saw, seen. "I saw", "I have seen", "Did you see". Masu cewa "I have saw" da "did you saw" suna da yawa har cikin masu digiri, bayan did kalmar komawa take yadda take tun asali. Ƙarin abu biyu kafin ka wuce: "I see" a tsakiyar hira na nufin na gane, sannan look in sifa ta biyo ta ma'anarta da alama, "you look tired" wato da ganinka ka gaji, in kuma suna ne zai biyo sai ka sa like, "she looks like her mother", tana kama da mahaifiyarta.

3. Koyi kowace kalma tare da 'yar rakiyarta

Ƙananan kalmomin nan irin su for, after, into, up, su ne ke juya look ta koma wani abu daban da babu ruwansa da ido. Kar ka haddace su daban, ka ɗauki look for a matsayin kalma guda, look after wata kalma guda. Ga waɗanda ba makawa sai ka haɗu da su:

- look for: nema
- look after: kula da, kamar reno ko jinya
- look into: bincika, irin ta 'yan ofis, "we will look into the matter"
- look up: duba kalma a ƙamus ko wani bayani a littafi
- look up to: ganin girman mutum da son koyi da shi
- look down on: raina mutum
- look out da watch out: yi hattara, a kula
- see off: rakiyar matafiyi zuwa tasha ko bakin ƙofa
- see to: ɗaukar nauyin aiwatar da abu, "I will see to it", bar shi a hannuna
- see through: gano ƙaryar mutum ko makircinsa. Amma in abin ya shiga tsakiya, "see the project through", to ka kai aikin har ƙarshe ake nufi.

Look for da find ana yawan musanya su. Look for nema ne, find samu ne. "I am finding my key" ba daidai ba ne, kana nema ne ba ka samu ba tukuna, "I am looking for my key".

Yanzu ga waccan ta takardar neman aikin. Look forward to na nufin ɗokin zuwan abu ko sa ransa, kuma abin da ke bin to ɗin nan dole ya zama suna ko aikatau mai ing. "I look forward to hearing from you", "I look forward to your reply". Na san tun firamare an koya mana bayan to ba a sa ing, to wannan to ɗin ba irin waccan ba ce, ka haddace jimlar yadda take ka huta.

Gargaɗi: overlook da oversee kamar 'yan gida ɗaya amma kishiyoyi ne a ofis. Oversee shi ne sa ido kan aiki a matsayin shugaba. Overlook shi ne abu ya wuce ka ba ka lura ba, ko ka gani ka yafe. Wanda ya rubuta a takardar bayanin aikinsa "I overlooked ten workers" ya ce ne ya yi sakaci da ma'aikata goma, "I oversaw" ya kamata ya ce. Oversight ita kuma baki biyu gare ta, a "oversight function" na 'yan majalisa sa ido take nufi, a "it was an oversight" kuskure ne na rashin lura, jimlar ce za ta gaya maka wanne.

4. Rarrabe irin kallon

Masu rubuta insha'i nan ne wurin cin makinku. Maimakon look, look, look a kowane layi, ka zaɓi wadda ta dace da irin kallon.

Stare shi ne ƙura ido, irin wanda ke sa mutum ya tsargu. Gaze ma dogon kallo ne amma mai taushi, na sha'awa ko na wanda ya tafi tunani. Glare kallon fushi ne, ita ce ta fi kusa da harara. Glance ɗan duba ne na sakan ɗaya da niyya, kamar ka dubi agogo ka ɗauke kai. Duka huɗun nan da at suke tafiya.

Glimpse tana kama da glance amma ba ɗaya ba ne, glance kai ka duba da sauri, glimpse abin ne ya gifta ka ɗan hango shi bai cika ba, kuma an fi cewa "I caught a glimpse of the Emir", na ɗan hango Sarki, misali ranar hawa cikin cunkoso. Peep da peek leƙe ne. Peer shi ne ka ƙanƙance ido kana ƙoƙarin gani saboda duhu ko hazo. Squint tsuke ido ne saboda rana ko raunin gani. Spot shi ne ka tsinkayo mutum cikin taro, notice lura, observe lura ta nazari, witness kuma abu ya faru a kan idonka har ka iya ba da shaida.

Blink da wink fa a kula. Blink ƙifta ido ne duka biyun, wanda kowa ke yi ba da saninsa ba. Wink kashe ido ɗaya ne da niyya don isar da saƙo. Ɗalibar da ta rubuta malaminta ya yi winking alhali blinking take nufi ta ja masa magana.

Gargaɗi: a Turancinmu na nan gida in mace ta harari wata sai a ce "she eyed me". A daidaitaccen Turanci eye in ta zama aikatau kallon ƙurilla take nufi, na zargi ko na kwaɗayin abu, ba lallai harara ba. A jarabawa "she glared at me" za ka rubuta, ko "she gave me a dirty look".

5. Sight, vision, view da Turancin asibitin ido

Sight da eyesight da vision duk suna iya nufin ƙarfin gani. "He lost his sight", ya makance. Bambancin yana wajen sauran ma'anoninsu. Sight na nufin abin da aka gani, daga nan aka samu sightseeing, yawon buɗe ido. Tana zama aikatau ma, in lokacin azumi ya zo za ka ga jaridu sun rubuta "the moon has been sighted" bayan sanarwar fadar Sarkin Musulmi, an ga wata ke nan, haka in ka kai takardunka ofis jami'i ya rubuta "original sighted" a jikin kwafin, yana nufin ya ga na ainihin da idonsa.

Vision ita ce ke ɗaukar ma'anar hangen nesa da burin gaba, irin "vision and mission" da ake mannawa a bangon makarantu da bankuna, ko Vision 2030 ta Saudiyya, ko tamu Vision 20:2020 da aka ce za mu shiga sahun ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki kafin 2020, wannan kam a bar ta kawai. View kuma abin da kake hangowa daga inda kake tsaye, kamar ka hau Dala ka ga birni, sannan tana nufin ra'ayi, "in my view", a ganina. Kar ka ce "in my vision" ko "in my sight" a wannan wurin.

Gargaɗi: sight da site da cite furucinsu ɗaya ne sak, a rubutu ne ake kama mutum. Site wuri ne, filin gini ko shafin intanet. Cite kafa hujja da maganar wani ce, 'yan furojet sun san ta.

A asibitin ido kuma ga abin da za ka ji. Short-sighted shi ne mai ganin kusa ba ya ganin nesa, long-sighted akasin haka, 'yan Amurka su nearsighted da farsighted suke cewa. Short-sighted tana kuma nufin rashin hangen nesa a shawara, "a short-sighted policy". Allon nan mai haruffa manya a sama suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, in ka karanta layin da mai lafiyayyen ido ke karantawa daga nisan ƙafa 20 sai a ce kana da 20/20 vision, a wajen masu awo da mita kuma 6/6 ake rubutawa don ƙafa 20 kusan mita 6 ce. Daga nan aka samu "hindsight is 20/20", wato bayan abu ya faru kowa gwani ne. Cataract ita ce yanar ido, glaucoma hawan jinin ido. Ophthalmologist cikakken likitan ido ne mai yin tiyata, optometrist mai awon ido da rubuta gilashi, optician mai haɗa gilashin da sayarwa.

Tabarau kullum jam'i ne, "my glasses are broken", guda ɗaya kuma "a pair of glasses". "My glass" kofin gilas ne. Tabarau na rana sunglasses ne, goggles da muke cewa na masu walda ne da masu ninƙaya. In kana rubutu na hukuma a kan masu lalurar gani, "visually impaired" ko "blind people" ya fi ladabi.

6. Yanzu ka shiga karin magana, ka kasa su kashi uku

Kar ka jera su bisa haruffa, ka kasa su bisa dangantakarsu da Hausa, ya fi saurin zama a ka.

Kashi na farko masu 'yan uwa a Hausa, waɗannan kyauta ne. "Seeing is believing", gani ya kori ji. "In the blink of an eye", ƙiftawa da bismilla. "Keep an eye on", sa ido a kan abu ko kula da shi, "keep an eye on my bag" in za ka shiga masallaci a tasha. "Turn a blind eye to", kawar da kai daga laifin da ka gani sarai. "Pull the wool over someone's eyes", yi wa mutum rufa-ido. "The apple of my eye", shalele, ɗan lele, babu ruwan tuffa a ciki. "With my own eyes", da idona. "I can do it with my eyes closed", ko ido rufe zan yi. "An eye for an eye", ramuwa daidai da abin da aka yi maka.

Kashi na biyu masu yaudara, su ne suke kama da wata maganar Hausa amma ma'anar ta sha bamban, kuma su masu shirya jarabawa suka fi so. Babbar cikinsu "see eye to eye". Kunnen Bahaushe na jin ta zai ce ido da ido, a'a, ra'ayi ya zo ɗaya take nufi, kuma an fi amfani da ita a kore, "they don't see eye to eye on the matter", ba su yarda da juna ba a kan batun. Ba ta kai zafin ba sa ga maciji ba, mutum biyu na iya saɓa ra'ayi suna cin tuwo kwano ɗaya. Ido da ido namu "face to face" ne.

"Eye-opener" ma haka, mu in muka ce idon yarinya ya buɗe kowa ya san ba yabo ba ne, su kuwa eye-opener abu ne da ya wayar maka da kai ka gane abin da da ba ka sani ba. "A sight for sore eyes" ba ciwon ido ba ne, mutum ne ko abin da ka yi farin cikin gani bayan ka jima kana jira, kishiyarta eyesore, abu mai munin gani kamar juji a bakin titi, kuma ita ma ba daidai take da tsone ido namu mai ɗauke da hassada ba. "See red" tsananin fushi ne. "Catch someone's eye" jan hankali ne, ba kama mutum yana satar kallo ba. "Naked eye" ido ne tsurarsa ba tare da na'ura ba, kamar yadda ake duban jinjirin wata.

Kashi na uku marasa ɗan uwa na kusa, su sai haddar jimla. "There is more to it than meets the eye", akwai lauje cikin naɗi ko dai abin ya wuce yadda ake ganinsa. "Out of sight, out of mind", wanda ba a gani mantawa ake da shi. "Lose sight of", shagala har ka manta da ainihin abin da ka sa gaba. "At first sight", a ganin farko. "Have an eye for", iya gane mai kyau, kamar telan da ya san yadi. "Up to my eyes in work", aiki ya sha kaina. "Blind spot", ɓangaren da madubin mota ba ya nuna wa direba, ko wani rauni da mutum ba ya gani a kansa. "Tunnel vision", kafewa a kan abu guda ba a duba gefe. "Bird's-eye view", hange daga sama, ko bayanin abu a dunƙule. "In the public eye", wanda idon jama'a ke kansa.

Gargaɗi, kuma wannan ne ya fi kayar da waɗanda suka san ma'anar: karin magana ba a yi mata kwaskwarima. "Keep an eye on" ido ɗaya ne, "turn a blind eye" ido ɗaya ne kuma to ke bin ta ba on ba, "apple of my eye" ba a cewa eyes ko da 'ya'yanka goma. Abin da ka iya canjawa lokaci ne da mai maganar kawai, turned, turning, his eye, her eye. Ai mu ma in wani ya ce "kallo ya kori saurare" dariya za mu yi masa duk da ma'anar ba ta ɓace ba.

7. Ware Turancin gida daga na takarda

"Shine your eye", "eye service", "my eye don clear", "see me see trouble", duk maganganu ne masu rai kuma ni ban ga laifinsu a hira ba, wani lokacin ma sun fi na Turawan isar da saƙo. Amma mai duba takardar WAEC ba zai karɓa ba, wanda zai karanta imel ɗinka a Ingila ko Kanada kuma ba lallai ya gane ba. Ka buɗe musu shafi daban a bayan littafinka, gaban kowacce ka rubuta ta takarda. "Shine your eye" ta koma "keep your eyes open" ko "keep your eyes peeled". Aikin ganin ido da muke kira eye service ka ce "he only works when the boss is watching". Haka "I want to escort my friend to the park" in rakiya kake nufi "see my friend off" ya fi, escort ta fi kama da rakiyar jami'an tsaro.

8. Gyara furuci

Harafin v babu shi a Hausa, shi ya sa vision ke fitowa bishin, view ta koma biyu. Ka ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa ka busa da murya, ka yi a gaban madubi, in leɓɓanka biyu suka haɗe to b ka yi. Sautin tsakiyar vision kuma ba sh ba ne, irin na measure da television ne, yana yawan fitowa a takardar gwajin furuci ta WAEC. P ita ce akasin haka, a peep da peek da glimpse leɓɓa biyu dole su haɗe su fashe. Gh ɗin da ke cikin sight ba a furta shi. Sannan ka riƙe tagwayen nan masu sauti ɗaya: see da sea, seen da scene, stare da stair, peek da peak, eye da I.

9. Atisaye da yadda za ka tunkari tambayar jarabawa

Kalma uku ko karin magana uku a rana sun isa, fiye da haka tarawa ne kawai ba koyo ba. Kowacce ka yi mata jimla biyu taka ta kanka a kan abin da ya shafe ka, shagonku, unguwarku, ƙanwarka, ka karanta su da ƙarfi, washegari kafin ka ɗauki sababbi ka rufe gida na farko da na biyu da hannu ka dubi Hausar kaɗai ka gwada dawo da Turancin. Ranar Juma'a ko Lahadi kar ka ƙara sabo, bita kawai. In kana karanta jaridar Turanci irin su Daily Trust ka riƙe biro, labaran siyasa cike suke da "turn a blind eye" da "look into" da "oversight", duk wadda ka tsinta ka kwafe jimlar gaba ɗayanta.

A jarabawa, Turancin JAMB tambaya 60 ne kuma wajibi ne ga kowa, akwai sashen da za a ba ka jimla a ce ka zaɓi fassarar da ta fi dacewa, WAEC da NECO ma suna da irinsa. Ka fara da soke zaɓin da ya ɗauki maganar a zahirinta, in jimlar ta ce "The two brothers never see eye to eye" to duk zaɓin da ya ambaci haɗuwa ko kallon juna ko ciwon ido tarko ne. Bayan nan ka duba ko akwai not ko never ko hardly a jimlar don suna juya amsar, da yawa sun san ma'anar amma gaggawa ta sa su zaɓi agree a inda disagree ce amsa. Sai ka tambayi kanka maganar yabo ce ko suka, wannan kaɗai yakan rage maka zaɓi huɗu su koma biyu. In tambayar cike gurbi ce kuma, kar ka tsaya kan look ɗin, ka dubi abin da ke bayan gurbin: yara ko mara lafiya after, abin da ya ɓace for, ƙorafi ko matsala into, kalma a ƙamus up.

A insha'i kuma karin magana ɗaya ko biyu da ka tabbatar da su sun isa shafi guda, a wasiƙar hukuma ma gara ka bar su gaba ɗaya in ban da "I look forward to hearing from you" a ƙarshe. Wadda kake kokwanton ko eye ce ko eyes, ko to ce ko on, ka ajiye ta ka faɗi maganar kai tsaye, "they ignored it" ba za ta taɓa jawo maka jan biro ba.